Kalmomi masu harafi biyu a wasan Scrabble

Scrabble wasa ne na haɗa kalmomi a kan allo mai gidaje 225, wanda Ba'amurke Alfred Butts ya ƙirƙiro a 1938. A na Turanci akwai 'ya'ya 100, kowanne da harafi da makinsa, sai biyu da ba a rubuta musu komai ba, suna tsayawa a madadin kowane harafi. Ɗan wasa yana riƙe da bakwai a lokaci guda. Ba kowace kalma ake karɓa ba, sai wadda ke cikin jerin da gasa ta amince da shi. Amurka da Kanada suna da nasu jerin, yawancin sauran ƙasashe kuwa, har da Najeriya, na kamfanin ƙamus na Collins suke bi, kuma bugunsa na 2019 yana da kalmomi 127 masu harafi biyu.

Waɗannan ne ake fara haddacewa, domin da su ake jera kalma a gefen wata. Duk inda haruffa biyu suka taɓa juna, dole su ba da kalma karɓaɓɓiya, kuma ana ƙirga makinta. Harafin Q maki 10 ne. Idan aka ɗora shi a gidan da ke ninka harafi sau uku, ya ba da QI a kwance da kuma a tsaye, an ci 62 ke nan da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Yawancinsu ko Bature bai san su ba. QI ƙarfin rai ne a falsafar Sin, XU ƙaramin kuɗi ne a Biyetnam, JO masoyi ne a bakin mutanen Sikotlan, AA kuwa daskararren aman dutse mai aman wuta ne mai kaushi. ZO, wato barbarar yanyawan saniya da yak (wani irin sa mai dogon gashi na tsaunukan Asiya), yana cikin Collins amma babu shi a jerin Amurka. Ba a tambayar ma'ana a gasa, amma tana nuna ko kalma za ta ɗauki S a ƙarshenta, kamar na jam'i a Turanci. Ana cewa QIS da ZOS, XU kuwa ba ya ɗauka.

Nan sabon shiga ke yin tuntuɓe. Ya ƙara S inda babu, abokin karawa ya ƙalubalanta, a kwashe 'ya'yan, zagayen ya wuce shi ba maki. Harafin V ma tarko ne, don babu kalma mai harafi biyu da ke ɗauke da shi. Q kuma yakan maƙale a hannu tunda a Turanci galibi sai da U yake tafiya, U kuwa huɗu ne kacal a jaka, shi ya sa ake haddace kalmomin da ba sa buƙatar U, irin su QAT, wani ganye da ake taunawa, da QADI, wato alƙali.

Ɗan Najeriya Wellington Jighere ya ci gasar duniya a Perth ta Ostareliya a 2015, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki kambin.