Waiwaye: Yadda Girkawa suka zauna a Kolkata, suka kuma watse

Girkawan farko da suka sauka a Kolkata, birnin Indiya da ke bakin kogin Hugli, ba daga ƙasar Girka mai cin gashin kanta suka fito ba, domin a ƙarni na 18 babu ita. Talakawan Daular Usmaniyya ta Turkawa ne, da yawansu daga Filifofolis, wato Plovdiv ta Bulgeriya a yau. Fatauci ya kawo su, suka raɓe a inuwar kamfanin Ingilishi na East India, wasu suka zarce Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, suna cinikin gishiri da farar ƙasar gini.

Wanda ya zama musu jigo shi ne Alexios Argyree. A 1770 ya shiga jirgin ruwa zuwa Bahar Maliya a matsayin tafinta, guguwa ta taso musu har suka fid da rai. Nan ya yi bakance cewa in ya tsira zai gina wa Girkawa coci. Ya tsira, ya kuma samu izini daga gwamnan Ingilishi na yankin, Warren Hastings, amma ajali ya cim masa a Dhaka a 1777 kafin a aza tubali. Iyalinsa da 'yan uwansa fatake ne suka cika masa alkawari a titin Amratollah na Kolkata, Hastings ma ya sa hannu a aljihu.

Cikinsu akwai wanda kasuwa ba ta dame shi ba. Dimitrios Galanos, mutumin Atina, ya zo a 1786 don koyar da 'ya'yan fataken. Bayan 'yan shekaru ya tattara ya koma Banaras, ya duƙufa kan Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ya fassara littattafan Hindu zuwa Girkanci, har ya rasu a can a 1833. A ganina ya fi duk attajiran barin abin tunawa.

Kuɗi na gaske sai a 1851 suka shigo, lokacin da kamfanin Ralli Brothers, na wasu 'yan uwa daga tsibirin Kiyos, ya buɗe reshe a birnin. Ramar saƙa buhu ita ce babbar hajarsu, kuma samari daga Girka suka riƙa zuwa aikin akawu. Da wannan arziki aka gina sabon coci mai dogayen ginshiƙai a unguwar Kalighat wajen 1925.

Daga nan abin ya soma ja da baya. Raba Indiya a 1947 ya bar gonakin rama a Pakistan ta Gabas (Bangladesh a yau), masana'antu kuma a Kolkata, Ingilishin da ake fakewa da su sun kama hanya. Girkawa suka bi sahu, wasu Landan, wasu Atina. A 1972 aka rufe cocin don babu masu zuwa. Sai a 1991 wani limamin coci daga Girka, Ignatios Sennis, ya sake buɗe shi, ya haɗa da ciyar da mabuƙata da gidan marayu. Masu ibada a cikinsa yanzu 'yan Bengal ne, wato mutanen yankin, kuma da harshensu ake yin addu'a.