Baƙin da ke jikinki aiki yake yi

Wata matashiya ta zo likitarmu nan Tawa ana cikin zafin watan Afrilu, ta rufe fuska da mayafi. Da ta yaye, sai na ga kumatunta sun yi baƙi ƙirin kamar wuta ta lashe su, gaɓoɓin yatsunta ma haka, sauran jikin kuwa ya yi ja, jijiyoyi sun fito kore-kore. Na ce, "Ɗiyata, wane mai kike shafawa?" Ta ce, "Inna, haɗi ne, ban san sunansa ba." Man bilicin ne, shekara uku ke nan tana shafa shi safe da dare.

Saboda ita da irinta nake son mu san yadda Allah ya gina wannan fata.

Fata ita ce gaɓa mafi girma a jikin mutum. In da za a shimfiɗa ta babban mutum, za ta kusa murabba'in mita 2. Hawa uku gare ta. Na sama siriri ne ƙwarai, babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. A gindinsa ake haifar sababbin ƙwayoyin halitta, suna turo juna sama, suna bajewa suna taurara, har su mutu su zama kamar tubali jere, maiƙo na riƙe da su kamar laka. Wannan katanga ce ke hana ruwan jiki tsiyayewa, ta hana ƙwayoyin cuta shiga. Cikin kamar mako 4 sukan gama tafiyar su zube. Furu-furun da ake gani a ƙafa lokacin hunturu, su ne.

A gindin nan kuma akwai wasu ƙwayoyi masu rassa kamar saiwar itace, su ne ke ƙera launin da ake kira melanin. Kowace ɗaya tana raba launi ga maƙwabtanta wajen 36. Abin da ya fi burge ni tun ina makaranta shi ne inda launin ke zama: yakan taru bisa cibiyar ƙwayar kamar malafa, ya tare hasken rana mai ƙuna kafin ya lalata gadon halittar da ke ciki. Bature da Bahaushe kusan adadin ƙwayoyin nan ɗaya gare su, namu ne dai suka fi ƙwazo. Wanda ke son ya gane darajar melanin ya dubi ƴan'uwanmu zabiya, yadda rana ke ƙona su, da yadda ciwon dajin fata ke kama da yawansu tun da ƙuruciya.

Hawa na biyu ya fi kauri. Nan jijiyoyin jini suke, da na jin zafi da taɓi, da tushen gashi, da mafitar zufa fiye da miliyan 2 da ke sanyaya mu in zafi ya haura digiri 40. Ƙarfinsa daga wani zare ne mai suna kolajen. Fatar da majemi ke jiƙawa da bagaruwa har a ɗinka takalmi da jaka, wannan hawan ne na dabba. Ƙarƙashinsa sai kitse.

To, man bilicin hawa na sama da na biyu duka yake ci. Idrokinon, wani sinadari da ake sawa cikin man, yana hana ƙwayoyin launi aiki, kuma in an daɗe ana shafawa cikin rana sai abin ya juye, fuska ta yi baƙin tabo mai wuyar fita. Kortikoyid, irin su klobetasol, magani ne na gaske da likita ke rubutawa don kwanaki kaɗan, amma a hannun mai haɗi yana cinye kolajen. Daga nan nankarwa mai faɗi, ƙuraje, makero, har gashi a haɓa. Yana ratsawa cikin jini, ya jawo hawan jini da ciwon suga. Fatar da ta yi laushi haka ba ta riƙe zaren ɗinki sosai, kuma ciwo na daɗewa bai warke ba. Ki tuna da haka in haihuwa ta zo da tiyata. Wasu man da sabulai kuma akwai merkur ciki, wani ƙarfe mai guba, mai lalata ƙoda, mai isa ga jaririn da ke cikin ciki. Kodibuwa ta haramta irin waɗannan mai tun 2015.

Ba na ganin laifin yarinyar ita kaɗai. Wane ne ya ce mata sai fara ce ke samun miji? Maza da ƙawaye da dangin ango, kowa na da hannu.

In kin daɗe kina shafawa, kada ki yanke rana ɗaya, don jikin da ya saba da kortikoyid yana iya rikicewa. Ki zo likita da kwalbar ko bututun, mu duba, mu auna jininki da suga, a rage shi sannu sannu. Launinki zai dawo, da farko ba daidai ba, kada hakan ya mayar da ke. Man kaɗanya ya isa don laushi, sabulu marar kaifi, da mayafi ko laima in rana ta take.

Ɗiyar nan ta dawo bayan wata biyu, jan jikin ya fara lafawa, tabon kumatu na nan. Ta zo da ƙanwarta, wadda ta fara shafawa da ƙaramar salla.