Maɓallin kunna kwamfuta a akwatin katako: tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Tun da samarin Abuja suka fara kai wa kafinta aiki ya haɗa musu akwatin kwamfuta a jikin tebur, tambayoyin nan ba sa ƙarewa. Ku karanta kafin ku sake kirana.

Wane irin maɓalli zan saya?

Wanda kana danna shi kana saki ya dawo. Mai maƙalewa irin makunnin fitilar ɗaki ba ya yi: kwamfuta za ta tashi, bayan kamar daƙiƙa 4 ta mutu, ka zo kana cewa madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da komai ke haɗe a kansa, ya ƙone.

Wuta za ta ja ni?

A'a. Abin da ke bin wayar bai wuce bolt 5 ba. Kwantar da hankalinka.

Wace waya ke shiga ina?

Ƙafafu biyu ne a madabod, galibi an rubuta PWR_SW. Ko ta yaya ka juya wayar, daidai ne. A jikin maɓallin ka kama ƙafafun da aka rubuta wa NO da COM. Fitilar da ke zagaye da shi ce kawai ke da gaba da baya (wato + da −), kuma ka duba ko ta bolt 5 ce ko 12.

Yaro ko gwiwata na kashe min kwamfuta ina tsakiyar aiki. Me zan yi?

Ya danganta da wanda ke kashe ta. In gwiwa ce ko gefen kujera, maɓalli mai shafaffiyar fuska, wanda kafinta ya nutsar cikin katako kaɗan, ya isa. Ya fi kyau ma a mayar da shi gefe ko ƙarƙashin leɓen tebur.

In yaro ne, wannan ba zai hana shi ba, musamman in maɓallin na haske, don hasken ne ke kiransa. Murfin da ake ɗagawa yana taimakawa ga mai rarrafe, amma ɗan shekara uku zai iya gane shi ran farko. Kana iya shiga saitin wuta na Windows ka ce kada maɓallin ya yi komai in an danna. Yana aiki, sai dai in yaron ya danne shi ya riƙe, kwamfuta za ta mutu duk da haka, domin wannan hukuncin madabod ne, Windows ba ta da iko a kai. Ni dai ga gida mai yara na fi yarda da makunni mai ɗan makulli, a jera shi kan waya ɗaya da maɓallin. Ka zare makulli, danna har gobe ba abin da zai faru. Amma fa in kwamfuta ta sandare kana neman kashe ta, sai ka nemo makullin tukuna, don haka ka ba shi wurin ajiya guda.

Wane girma?

Milimita 16, 19 ko 22. Don Allah ka saya tukuna, ko a shagunan Banex da ke Wuse 2, kafin kafinta ya huda rami. Ka auna tsawon bayansa inda ake murɗa noti, domin yawancinsu don siririn ƙarfe aka yi su, katako mai kauri kan hana noti kamawa.

In NEPA ta dawo da wuta, kwamfutar na tashi da kanta. Maɓallin ne?

Ba ruwansa. Shiga BIOS, wato saitin madabod da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta, ka canza saitin dawowar wuta.