Mene ne "zargin ƙabila"? Tarar kekuna a Hangari

Zargin ƙabila shi ne ɗan sanda ya tsayar da mutum, ya bincike shi ko ya ci shi tara saboda launin fatarsa, sunansa ko unguwarsu, alhali bai ga wani abin tuhuma a tare da shi ba. Kuɗin goro ke nan ake yi wa al'umma guda. Lauyoyi da masu kare haƙƙin ɗan Adam a Turai suna yawan ambaton kalmar, kuma waɗanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya su ne 'yan Roma.

Kada sunan ya rikita mai karatu: ba mutanen birnin Rum ba ne, ba kuma sunan 'yan ƙasar Romaniya ba ne. Kakanninsu daga arewacin Indiya suka taso kimanin shekara dubu da ta wuce. Yau ana ƙiyasta su miliyan 10 zuwa 12 a Turai, galibinsu cikin talauci.

Abin da ke sa zargin ƙabila wuyar kamawa shi ne kowace tara, in ka dube ta ita kaɗai, tana kan doka. Ɗauki ƙauyen Rimoc da ke lardin Nograd a arewacin Hangari. Dokar hanya ta ce keke sai da fitila da ƙararrawa da birki mai ci. A 2011 magatakardan ƙauyen ya lura da wani abu a takardun da ke zuwa teburinsa: cikin mutum 36 da aka ci tara kan kayan keke, 35 'yan Roma ne, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na mazauna garin. Shin kekunan sauran duk lafiyarsu ƙalau? Ba mai yarda da haka. Zaluncin yana wurin zaɓen wanda za a ɗaga wa hannu a tsayar.

Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Hungarian Helsinki Committee ta shiga maganar a gaban hukumar tabbatar da daidaito ta ƙasar. A 2012 aka yi sulhu, 'yan sandan lardin suka amince cewa mai yiwuwa aikinsu ya fi faɗawa kan 'yan Roma, suka kuma ba da kayan keke a raba.

Wurin da ya fi sosa mini rai shi ne abin da ke biyo bayan takardar tara. Dokar ƙananan laifuka ta Hangari ta 2012 ta sa mafi ƙarancin tara a lokacin forint 5,000 (forint shi ne kuɗin ƙasar), ta kuma ba da damar mayar da tarar da ba a biya ba zuwa aikin gayya na hukuma ko zaman kurkuku, kwana ɗaya kan kowace 5,000. Mai albashi zai biya ya manta. Magidancin da kekensa ne jarinsa, wanda da shi yake zuwa aikin lada, sai ya zaɓa tsakanin cefanen gida da tara. In bai biya ba a rufe shi, aikin ya kuɓuce, yara su kwana da yunwa. Haka ake cin su tara kan tsintar itacen girki a daji lokacin sanyi, ko tafiya a kan kwalta a unguwar da hukuma ba ta yi wa hanyar ƙafa ba.

Wani lokaci abin kan wuce tara. A Disamban 2011 jami'an tsaro 85 suka kai samame unguwar 'yan Roma a Valcele ta Romaniya, suka fasa ƙofar wani gida da sassafe, suka doki mutanen ciki. A 2019 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam, a shari'ar iyalin Lingurar, ta yanke cewa an far musu ne don hukuma ta ɗauki 'yan Roma baki ɗaya a matsayin masu laifi, ta kuma kira abin da sunansa: zargin ƙabila.