Fasahar buga gini da na'ura

Buga gini da na'ura, wanda aka fi sani da ginin 3D, hanya ce ta tayar da bango ba tare da jera bulo ko kafa katakon zuba kankare ba. Ana zana ginin a kwamfuta, manhaja ta yanka zanen sala-sala, sannan na'ura ta riƙa matso kwaɓin siminti ta bakin bututu tana bin layin bangon, sawu bisa sawu, har ya kai tsayin da ake so. Na'urorin da aka fi amfani da su iri biyu ne. Akwai wadda ake girke wa ginshiƙan ƙarfe ta kewaye filin, bakin bututun yana kai da kawo a kan dogayen sanduna, akwai kuma mai hannu ɗaya irin na mutum-mutumin masana'antu.

Asali da yaɗuwa

Farfesa Behrokh Khoshnevis na Jami'ar Kudancin Kalifoniya a Amurka yana cikin waɗanda suka fara aikin, da tsarinsa mai suna Contour Crafting, tun a shekarun 1990. An daɗe abin bai fita daga ɗakin gwaji ba. A 2014 kamfanin WinSun na ƙasar Sin ya ba da sanarwar buga ƙananan gidaje goma cikin kwana ɗaya, a 2016 kuma Dubai ta buɗe ofishin da aka buga sassansa da na'ura, ta kuma sa wa kanta burin cewa kafin 2030 kashi 25 cikin ɗari na sababbin gine-ginenta za su fito ta wannan hanya. A 2017 aka buɗe gadar masu keke mai tsawon mita 8 a garin Gemert na ƙasar Holan, wadda Jami'ar Fasaha ta Eindhoven ta buga. Daga nan aka koma gidajen zama: mutane suka tare a wani bugaggen gida a Eindhoven a 2021, a shekarar ce kuma kamfanin 14Trees ya buga makaranta a gundumar Salima ta Malawi. A Georgetown ta jihar Texas, kamfanin ICON tare da Lennar suka gina unguwa mai gidaje 100.

Kwaɓin

Wuyar aikin tana cikin kwaɓin, domin ana buƙatar ya yi abubuwan da ba sa jituwa. Dole ya yi laushin da famfo zai iya tura shi ta cikin tiyo bai toshe ba. Da fitowarsa kuma dole ya tsaya da siffarsa, kada ya baje. Bayan mintoci kaɗan zai ɗauki nauyin sawun da za a ɗora masa, saboda haka sai ya fara ƙarfi da wuri. To amma idan ya bushe fiye da kima kafin sawu na gaba ya zo, biyun ba za su kama juna ba, sai a sami layi mai rauni a tsakani, inda ruwa ke iya shiga ko tsaga ta fara. Zafin rana, iska da danshi duk suna sauya wannan lissafi, shi ya sa mai kula da na'ura ba ya ɗauke ido daga bakin bututu, kuma wasu kamfanoni suka gwammace su buga sassa a cikin masana'anta su kai fili a haɗa.

Saboda bakin bututun ƙarami ne, yawancin kwaɓin ba ya ɗaukar manyan tsakuwa, wannan kuwa yana sa a ƙara siminti. Abin dubawa ne sosai, domin sarrafa siminti na fitar da kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki. Na'urar tana rage ɓarna, tana zuba kaya a inda ake buƙata kawai, amma ribar na iya zubewa idan kwaɓin ya cika siminti. Gidan TECLA da kamfanin WASP ya buga a Italiya a 2021 da yumɓun wurin yana nuna wata mafita da ta cancanci a bi ta da gaske.

Sai batun rodi. Kankare yana jure danna, amma ba ya jure ja, shi ya sa ake sa masa rodi, sai dai na'ura mai tafiya a kwance ba ta iya dasa rodi a tsaye. Abin da aka fi yi shi ne a buga bango mai rami a tsakiya, a sa rodi da hannu, a cika da kankare. A gadar Gemert, wayar ƙarfe aka riƙa shimfiɗawa cikin kwaɓin yayin bugu.

Iyakarta

Idan aka ce an buga gida cikin awa 24, lokacin da na'ura ta ɗauka tana tayar da bango ake nufi. Harsashi, rufi, ƙofofi, tagogi, wayar lantarki da bututun ruwa yawanci hannun ma'aikata ne ke yinsu, kuma su ne kaso mai yawa na aikin gida. Inda fasahar ta yi fice shi ne bango mai lanƙwasa, wanda a da sai kafinta ya sha wahalar haɗa katako kafin a zuba shi, alhali ga na'ura ba shi da bambanci da miƙaƙƙe.

Dokokin gini na yawancin ƙasashe an rubuta su ne da bulo da zubabben kankare a zuci, don haka gidaje da dama, kamar benen da aka buga a Beckum ta Jamus, sai da aka nema musu izini na musamman bayan gwaje-gwaje. A 2023 aka fitar da ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO/ASTM 52939, wadda ta tsara yadda za a tantance ingancin irin wannan aiki.