Kiɗan Indi da na Lantarki: Amsoshin Tambayoyin da Kuka Ishe Ni da Su

Kusan kullum sai wani ya tare ni da tambayoyin nan, har bakina ya gaji. Ga amsa a rubuce, don Allah kada a sake.

Mene ne indi ɗin ma?

Kiɗan jita da ganga ne da ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu ke fitarwa. Daga baya sunan ya koma na salon kiɗan. Shi ke nan.

Ai kayan Turawa ne, ina ruwanmu?

Haba malam! Mdou Moctar Ba'abzine ne ɗan Nijar, mai kaɗa jita da hannun hagu, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki albam ɗinsa na farko, Anar, a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinanmu. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori, har Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya sa ɗaya cikin wani kundi a 2011. A 2021 kuwa Matador, ɗaya daga jiga-jigan kamfanonin indi a Amurka, ya fitar masa da Afrique Victime. Abu a ƙofar gidanka, sai baƙo ya nuna maka.

Na lantarki fa, ba danna kwamfuta ba ne kawai?

A'a. Ƙungiyar makaɗan lantarki ta Kraftwerk ta kafu a Jamus tun 1970, kafin kwamfuta ta shiga gidan kowa. Mamman Sani, makaɗin Nijar, shi ma ya yi kaset ɗinsa da fiyano mai lantarki a Yamai a 1978. Je ka nema.

Waƙa guda ta tafi da ni. Yaya zan gane ko makaɗan sun iya, ko dace suka yi?

To, nan ne gizo ke saƙar. Ni dai abin da nake yi, kafin in saurari waƙa ta biyu, sai in nemi wannan ta farkon a wasansu na kai tsaye. Gidan rediyon KEXP da ke Siyatil a Amurka yana ɗaukar makaɗa a ɗaki guda, haka shirin Tiny Desk na gidan rediyon NPR, inda ake matse su a bayan tebur cikin ofis, babu hayaƙi babu wutar ado. A nan ake bambance aya da tsakuwa. Ka zuba wa mai ganga ido. In ya riƙe amo daram yayin da mai jita ya yi nisa, kuma suna kallon juna kafin su juya kiɗa, to sun daɗe tare.

Amma fa kada ka yanke hukunci da bidiyo ɗaya. Wata rana muryar mawaƙi ta dishe saboda doguwar tafiya, wata rana mai haɗa sauti ne ya kwafsa. Akwai kuma waɗanda gwanintarsu a situdiyo take, suna jera sauti kan sauti, a dandamali sai su zama lami, kuma wannan bai sa albam ɗinsu ya lalace ba. Na lantarki sun fi wuyar sha'ani: mutum ya sunkuya kan na'ura yana murɗa maɓallai, ba lallai ka san ko yana gina kiɗan a lokacin ko kunnawa kawai ya yi ba. Abin da nake dubawa, ko waƙar ta sauya daga yadda take a albam, ta ƙara tsawo ko ta canza hanya. Shi ma ba hujja ba ce ɗari bisa ɗari. Kalli wasa biyu ko uku na shekaru daban-daban tukuna.

Ba na jin yarensu.

Kwantar da hankalinka. Masu cika zauren Mdou Moctar a Amurka nawa ne ke jin Tamashek, yaren Abzinawa?

Bidiyon nan suna cinye min data.

Rage ingancin hoton, sautin kake nema. Kuma daina saurare ta lasifikar waya, tana haɗiye jita mai kaurin murya da rabin ganga, sannan ka dawo kana ce min kiɗan ba daɗi. Sayi iyafis.

Turo min duka waƙoƙin ta WhatsApp mana.

Ba zan turo ba. Suna nan a shafin intanet na Bandcamp, kana iya saurare kafin ka saya.