Takardar LMIA ta Kanada ba biza ba ce, kuma ba a sayar da ita

An daɗe ana ɗauka cewa tunda Kanada na ƙarancin ma'aikata, duk wanda ya biya dillali kuɗin LMIA ya gama samun shiga. Ba haka tsarin yake ba.

LMIA takarda ce da ma'aikatar kula da ayyukan yi ta Kanada ke ba mai ɗaukar aiki, bayan ya nuna ya tallata gurbin na makonni bai samu ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin ba. Kuɗinta dalar Kanada 1,000 ne kan kowane gurbi, mai ɗaukar aikin ne zai biya, kuma doka ta hana shi karɓarsu daga ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka kawo miliyoyi don LMIA, to ko jabu ce, ko haramtaccen ciniki.

Idan ta fito, sai ma'aikaci ya nemi izinin aiki a hukumar shige da fice: dalar Kanada 155, da 85 na hoton yatsu. A nan ake yawan faɗuwa, domin jami'i na duba ko ka iya aikin da gaske, da ko za ka koma gida idan wa'adi ya cika. Takardar bogi na jawo haramcin shiga Kanada na shekara 5.

Izinin ma a ɗaure yake da kamfani ɗaya. Barin aiki na nufin sake neman wani izinin. Zaman dindindin kuwa hanyarsa daban, kuma tun Maris 2025 tayin aiki ba ya ƙara maki a Express Entry, tsarin da Kanada ke zaɓar ƙwararrun ma'aikata masu neman zaman dindindin bisa yawan maki.